Babban Yatsan Frau Garbers a Bangon Gidanmu

Ƙarfe bakwai saura kwata take fitowa, a kan tsohon kekenta mai kwando a gaba. A cikin kwandon akwai robar farar ƙasa, da gorar ruwa, da ɗan cokalin gini, da ma'aunin ƙarfe mai baki biyu wanda take naɗewa a tsumma. Takan bi ta gindin tsaunin Kalkberg ta gangaro unguwarmu, ta jingine keken a jikin fitilar titi. Ba ta taɓa jingine shi a bangon kowa ba. Na tambaye ta dalili wata rana, ta ce bangayen unguwarmu abin da suke ɗauke da shi ya ishe su.

Sunanta Heidrun Garbers, mu kuwa Frau Garbers muke ce mata, kamar a ce Malama Garbers. Ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki bayan shekara arba'in da ɗaya, kuma tun da na ji labarin na kasa zama wuri ɗaya. Ni Volker Stehr, direban bas ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Sau huɗu ina fara takardar nan a ƙarshen layi, lokacin hutun minti goma, ina yagewa. Amma in na yi shiru, za a miƙa mata furanni a ofis, a yanka kek, a tafa, shi ke nan, rabin mutanen garinmu Lüneburg ba za su ma san wadda ta tafi ba.

Duk wanda aka haifa a nan ya san a kan me muke zaune. Gishiri ne. Tun muna 'yan firamare ake cusa mana labarin aladen dajin da maharba suka harbe, suka ga gashinsa fari fat da gishiri, suka bi sawunsa har idon ruwan. Ana cusa mana shekarar 956, wadda sunan garin ya fara fitowa a takardar Sarki Otto, kuma takardar ma a kan gishirin take magana. Shekara dubu muna janyo ruwan gishiri daga ƙasa muna dafawa, ana lodinsa zuwa Lübeck a barbaɗa wa kifi. Da shi aka gina gidajen jan bulo da baƙi ke ɗauka a hoto. Yaƙi ya zo ya wuce bai rushe mu ba. Ƙasar da muka rarake ce take biyan kanta a hankali: yammacin tsohon gari yana nutsewa, wani wurin kaɗan, wani wurin da gaggawa. Coci guda ta tafi tun zamanin kakannin kakanninmu, gidaje kuwa ba a ƙirga su da yatsu.

Mu 'yan unguwar mun saba. Kowace bazara kafinta ya kankare mana ƙofofi. Ba a cika kwano da miya. In ƙwai ya kuɓuce a teburin girki, kowa ya san kusurwar da zai tarar da shi.

Aikin Frau Garbers shi ne ta san gidan da ke motsi irin na kullum da wanda ya fara motsin tafiya. In bango ya tsage, sai ta kafa ƙusoshin tagulla biyu, ɗaya kowane gefe, ta auna tsakaninsu. Sannan ta kwaɓa farar ƙasa ta yi ɗan liƙi a kan tsagar, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ta rubuta kwanan wata tun yana ɗanye, ta danna babban yatsanta a kusurwa. Farar ƙasa ba ta da haƙuri. In bangon ya ƙara buɗewa ko da kaurin gashi ne, liƙin zai dare. Bayan wata guda ta dawo ta duba. Gida ɗari uku da wani abu take zagayawa, ta san karen kowa, ta san matakalar da ke zamewa.

Ba a son ganinta, gaskiya ke nan. In kekenta ya tsaya a ƙofar gida, labulayen maƙwabta sai su motsa. Frau Benecke mai gidan burodi ta ba ni labarin yadda ta taɓa korarta da tsintsiya, shekara ashirin da suka wuce, ranar da ta ce murhun gashinta ne ke karya bango. Washegari sai ga ta da sassafe kamar ba a yi ba.

"Moin, ina kwana, Frau Benecke. Burodi biyu, sannan ki ba ni makullin ɗakin ƙarƙashin ƙasa."

"Ke ba ki da zuciya ne?"

"Ina da ita. A gida nake barinta, kwandon ya cika."

Ta yi mako uku tana auna bangon, har ta gano cewa in aka matsar da murhun taku huɗu zuwa gabas gidan zai tsaya. Yana nan tsaye, a can nake sayen burodi. Irin wannan labarin ina da shi ya fi goma daga bakin mutane. Amma nawa na zo bayarwa, kuma nawan ba mai daɗin faɗa ba ne.

Mahaifina, Hinrich Stehr, yana cikin waɗanda suka kashe wutar ƙarshe a madafar gishiri ranar da aka rufe ta a 1980. A gidanmu aka haife shi, a nan mahaifiyata ta rasu. Lokacin da wannan abu ya faru yana da shekara tamanin da shida, da kafiya irin ta ƙusar da ta yi tsatsa a katako. Ya sha faɗa mini cewa ƙafa a gaba, a makara, za a fitar da shi daga gidan nan. Na kuma yarda da shi, don na ga yadda abokansa biyu suka ƙare cikin wata shida bayan an kwashe su zuwa sababbin gidaje.

Wata Lahadi a watan Janairu na sauka ɗakin ƙasa ɗauko dankali, sai na ga liƙin da ke babban bango ya dare biyu. Kwana goma sha ɗaya kacal da yin sa. Na san ma'anar hakan: za ta rubuta, injiniya zai zo, a manna mana takardar tashi a ƙofa. Na hau sama na tarar da tsohon yana gyangyaɗi a kujerarsa, rediyo na ta surutu. Na sake sauka. Na sake hawa. Ranar Litinin na sayo farar ƙasa, na kankare nata, na yi nawa. Na kwaikwayi rubutunta har da yadda take ja wa bakwai layi a ciki, na danna yatsana a kusurwa. Na ma ji daɗin aikina, abin kunyar ke nan.

Da ranar zagayenta ta zo, na yi musayar aiki da wani direba don in kasance a gida. Ta sauka, na bi ta. Ta haska liƙin ta daɗe tana kallo. Sai ta warware tsumma ta sa ma'auni a kan ƙusoshin, waɗanda ni gaba ɗaya na manta da su. Ta auna, ta sake aunawa.

"Herr Stehr ƙarami," ta ce. Haka take kirana, da furfurata da komai. "Kawo hannunka."

Na miƙa. Ta kama babban yatsana ta ɗora a kan shaidar, ya zauna daram. Sannan ta nuna mini nata, wanda ƙofar mota ta datse wa kai tun tana yarinya.

"Nawa rabi ne. Wannan kuwa ludayi ne."

Na fara kame-kame, ta ɗaga hannu.

"Ƙusoshi sun ce milimita huɗu, liƙi ya ce babu komai. A layin nan, bangon da ya yi shiru shi ke hana ni cin abinci. Ka san wa ke zama a saman wannan bangon?"

"Na sani."

"Faɗa mini dai."

"Babana."

"To. Ni ma saboda shi nake zuwa. Da ni da kai abu ɗaya muke so, sai dai kai ba ka iya kwaɓi ba. Ruwa ya yi yawa."

Ta sa cokali ta ɓamɓare liƙina a hankali bai karye ba, ta jefa a aljihu. A rahotonta ta rubuta milimita huɗun yadda suke, ba ta rage ko ɗigo ba, ta ƙara da cewa an taɓa liƙin. Ba ta sa sunan kowa ba.

Injiniya ya zo, ya sa aka tokare bangon da gumakan ƙarfe, ya ce duk da haka a kwashe tsohon cikin mako biyu. Hanya ɗaya ce ta rage: in akwai mai auna bangon kullum, ba wata-wata ba, zai iya zama, da sharaɗin ranar da tsagar ta ƙaru da milimita biyu a yini ɗaya, a ranar zai fita. Injiniyan ya faɗi haka ne yana rufe jaka, don ya san babu ma'aikacin da za a ware wa gida guda. Frau Garbers ta ce ita za ta riƙa zuwa kafin lokacin aikinta.

Sai ta hau sama wurin Baba. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Herr Stehr, zan riƙa zuwa kowace safiya, har Lahadi. Ranar da na ce a fita, za ku fita. Ba gardama, ba 'bari in nemo takalmina'. Ku ba ni hannu a kan haka."

"Yarinya, ni na dafa gishirin da ke ƙarƙashin gidan nan tun ba a haife ki ba."

"Shi ya sa nake shan wahala yanzu. Hannun."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya da na shekara ban ji ba. Ya miƙa hannu.

Ke ce kika zo, Frau Garbers. Wata goma sha huɗu, ƙarfe shida da kwata, cikin ƙanƙara da ruwan sama, ranar Kirsimeti da ranar da kike tari kamar ƙirjinki zai tsage. Ke ce kika fasa zuwa hutu bakin teku da 'yar'uwarki, ba ki faɗa wa kowa ba, sai a gidan burodi na ji. Mai rabin yatsa, mai cikakkiyar magana. Ni da na haddasa rabin abin, sau nawa na ce ki koya mini in karɓe ki, kika ce hannuna kin riga kin ga aikinsa.

Baba ya mai da zuwanta abin yi. Kafin ta hau daga ɗakin ƙasa ya zuba gahawa kofi biyu, kowanne bai cika ba, sai a buɗe shari'ar sunan gari. Shi ya tsaya a kan cewa daga Luna ne, allahiyar wata ta Rumawa, ga gunkinta can a kan maɓuɓɓugar kasuwa. Ita ta ce tsofaffin takardu Hliuni suka rubuta, kuma masana sun ce ma'anarsa mafaka.

"Masana," in ji Baba. "Sun taɓa riƙe shebur?"

"Rumawan naku fa, sun taɓa zuwa nan? Ko kogin Ilmenau ba su gani ba."

"To gunkin fa, shi ya kawo kansa?"

"Attajiran gishiri ne suka kafa shi don a ce su ma suna da asali. Ku sha gahawarku tana hucewa."

"Nawa yau?"

"Babu ko ɗaya. Kuna nan har gobe."

Haka kullum. Ni kuwa ban san kwanciyar hankali ba ko na yini guda. Ina tuƙi ina leƙen waya a kowace tasha. Na ƙetare tashoshi ban tsaya ba, wata tsohuwa ta buga mini lema a kafaɗa. In na ga lamba ta ƙaru kaɗan in ji haushin Frau Garbers, in ta tsaya in ji haushin kaina da na bar tsoho a kan rami. Ita dai ta auna, ta rubuta, ta hau keke.

Ranar ta zo a watan Maris, bayan mako guda ana ruwa. Ina gida, ina ɗaure takalmi. Na ji ta daɗe a ƙasa fiye da kullum. Da ta hawo ba ta cire hula ba, ba ta ja kujera ba.

"Uku," ta ce.

Baba ya ci gaba da juya cokali a kofi.

"Ki sake aunawa."

"Sau uku na auna."

"Gahawar fa? Yanzu na zuba."

"Ku ɗauko kofin, a sha a waje."

Ya dubi hoton mahaifiyata a bango, ya dubi tagar da ya shekara tamanin yana leƙa titi ta cikinta. Na ga muƙamuƙinsa ya ɗaure, na ce a raina shi ke nan, sai an kira 'yan sanda. Ita ba ta roƙe shi ba, ba ta tsorata shi ba. Hannunta kawai ta miƙa, yadda shi ya miƙa mata wata goma sha huɗu baya. Ya dubi hannun. Sannan ya kama, ya miƙe.

A bakin ƙofa ya tsaya, kofi a hannu, silifas a ƙafa.

"Maganar sunan nan ba mu gama ba, Frau Garbers."

"Ina muka gama? Gobe zan same ku duk inda aka kai ku."

Kwana tara bayan haka, da hantsi, bangon ya zauna. Ƙasan ɗakin girki ya rufta, teburin da kujeru biyun suka sauka ɗakin ƙasa. Na je na leƙa ta bayan shingen da aka kafa. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, da dabarata ta ci, da na ci gaba da sabunta liƙina wata bayan wata, kuma da hantsin nan Baba na zaune a teburin yana bare dankali.

An ba shi gida mai kyau a gabashin gari, inda ƙasa ba ta motsi. Nan kuma abin da na ji tsoro ya fara. Ya daina ci. Yana tafiya yana tangaɗi a daɓe mai kyau, don ƙafafunsa sun saba da gangare. Ya ce gadon yana jefar da shi. Likita ya duba bai ga komai ba. Frau Garbers ta zo kamar yadda ta yi alkawari, ya ƙi tanka maganar Luna. Mako na uku sai ga ta da guntayen katako a kwando da littafinta na awo. Ta buɗe shafin gidanmu, ta duba yawan karkatar ɗakin kwanansa da ta ɗakin girki, ta sa ni na ɗaga gado da tebur, ta cusa katakan a ƙarƙashin ƙafafu biyu-biyu, ta auna har ya yi daidai da na da. Ta ɗauko ƙwai ta ajiye a tebur. Ya gangara hagu, Baba ya cafe shi ba tare da ya duba ba.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu aka yi gida. Volker, ɗora ruwa. Ke kuma zauna, akwai abin da na tuna game da Rumawan nan."

A ranar ya ce ta daina kiransa Herr Stehr, sunansa Hinrich. A wurinmu babba ne ke ba da wannan izni, kuma Baba bai ba mutum biyar shi ba a rayuwarsa. Watan jiya ya cika shekara casa'in. Yana cin abinci kamar mai aikin ƙarfi, yana zagin tuƙina.

An ce na'urori za su karɓi zagayenta, 'yan akwatuna da za a manna a bango su riƙa aika lamba ofis. Ban ƙi ba, wataƙila ma sun fi ta ido. Amma ina ta juya abin a raina a kowace danja. Akwatin zai san wanda ke zaune a saman bango? Ga wanda zai gaje ta, ko wane ne, roƙona ɗaya: ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka faɗi lambar yadda take, sannan ka zauna ka sha gahawar. Mu kuma 'yan unguwa, mu daina shafe tsaga kafin a zo dubawa. Na san ba ni kaɗai na taɓa yi ba, na ga masu sayen farar ƙasa ranar Litinin.

Makon jiya ta tare bas ɗina a tashar kasuwa, ba don ta hau ba. Ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsumman ma'auninta. Liƙina ne, da kwanan watan ƙarya da shaidar ludayi.

"Ina kwashe durowata na gan shi. Ba wanda ya taɓa gani. Naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi." Ta ja da baya, sai ta ƙara da cewa, "Kuma ka daina ce mini Frau Garbers, na gaji. Tafi, ka makara minti biyu."

Ga abin da na ga dama na yi da shi. Baba bai san wannan labarin ba, ita ta rufa mini asiri shekara huɗu. Ranar Asabar zai karanta, da tabarau a kan hanci, a teburinsa mai gangare, kuma ni zan kai masa takardar da hannuna in tsaya a wurin. Duk abin da zai faɗa mini na cancanta, kuma yana da ran da zai faɗa.

Wannan ran ke kika tsare shi, da rabin yatsa da ƙusoshi biyu. Sau uku na gwada kiran sunan da kika ba ni izni, bakina ya ƙi, don haka bari in fara a takarda.

Na gode, Heidrun.